Tsamiyar da ke Cikin Kasko



Duk wanda ya bi ta layinmu zuwa masallaci ya ga wata 'yar tsamiya a cikin kasko, a ɗore kan bulo biyu a ƙofar gida, tsawonta bai kai ƙugun mutum ba. Tambayar da muka sha a kanta ba ta ƙirguwa. Wasu su ce ta roba ce irin wadda ake ƙawata ofis da ita, wasu su ce wani iri ne daga ƙasar waje. Har wata baiwar Allah ta taɓa aiko yaro da kuɗi a tsinko mata ganye bakwai, wai ta ji an ce Liman ya yi wa bishiyar tofi. To ba tofi, ba asiri. Tsamiya ce kamar kowace tsamiya, shekararta goma sha biyu, mu muka hana ta girma da almakashi. Da masu wannan mujalla suka nemi mu kawo rubutu, sai muka ga gara mu ba da labarinta a dunƙule, mu huta da amsa ɗaiɗai a bakin hanya.

Sai mun ɗan koma baya.

Mun shigo Abuja a 1993, ba a daɗe da ɗauko gwamnati daga Legas ba. Jarinmu a lokacin buhu uku ne, na kuka, na busasshiyar kuɓewa, da na tsamiya, kuma har yau sana'ar ke nan, sai dai Allah ya ɗan buɗa. A Karmo muka sauka. Muka samu fili, muka gina ɗaki biyu da 'yar rumfa. A 1997, shekarar da aka haifa mana ɗan fari, muka dasa mangwaro mai aure a tsakar gida. Yaro na girma, mangwaro na girma. A ƙarƙashinsa aka fara koya wa yaran layin baƙi da wasali kafin a samu makaranta.

A 2006 rusau ya zo ta kanmu. Waɗanda suka zauna Abuja a shekarun nan ba sai an kwatanta musu ba: jan fenti a bango, sai katafila. Mun cire ƙofa, mun cire taga, mun ɓamɓare kwanon rufi har da katakonsa, uwargida ko murhunta ba ta bari ba. Abu ɗaya ne ya ƙi ɗaukuwa. Mangwaron nan yana ɗauke da 'ya'ya muka juya masa baya. Ba don fama tsohon gyambo muka kawo wannan ba, an wuce wurin, Allah ya musanya. Sai dai tun ranar muka ƙudura a rai cewa ba mu ƙara sa icce a ƙasar da ba mu da tabbacin kwana a kanta.

Kuma da alama ba mu kaɗai ba ne. Ku fita ku dubi unguwar nan. Mutum zai sayi firji, ya sayi janareto, ya ɗora faranti a kan rufi don kallon ƙwallo, amma ƙofar gidansa fayau, ko dogon yaro babu. A watan Maris ana zufa kamar a gidan burodi, tsofaffi na bin inuwar katanga suna ja da baya tare da rana. Ba rowa ba ce, ba kuma lalaci ba. Duk abin da muke saye, abin da zai hau mota ne. An ce baƙo raɓa ne, to wasunmu shekara talatin ke nan suna raɓa.

A 2013 Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa a ƙauyenmu, can wajen Malumfashi. A bayan gidan akwai tsamiyar da tun kakanmu ya tarar da ita, wadda duk kunun da muka sha muna yara daga jikinta ya fito. Da za mu dawo, ƙanwarmu ta ƙulla mana ɗan abin da ya rage na tsamiyar da marigayiya ta tsinta da hannunta ta adana a tukunya. Mu da muke sayar da tsamiya buhu-buhu, wannan ƙullin sai da aka yi wata biyu ana lallaɓa shi. Autarmu, lokacin tana 'yar shekara biyar, ita ta tsince ƙwallayen daga cikin rariya ta tura su a gwangwanin madara. Ba wanda ya kula. Kafin mako biyu sai ga biyu sun tsiro.

Muka je wajen mai gidan da muke haya, mutumin kirki ne, muka nemi ya bar mu mu dasa ko ɗaya a bayan ɗaki. Ya ce, "Malam, ka nemi wani abu ban da wannan. Saiwarta za ta fasa mini fandisho. Kuma tsamiya a cikin gida? Kai ma ka san abin da ake cewa." Mun san abin da ake cewa, cewa tsamiya matattarar mutanen ɓoye ce. Muka yi dariya muka bar maganar, don gidansa ne. Muka sa kowace a bokitin fenti, muka huda gindin, muka jingine su a bayan banɗaki inda ruwan alwala ke gangarawa.

Shekara uku suna nan ba wanda ya waiwaye su. Ran nan muka zo matsar da ɗaya, bokiti ya ƙi motsi. Ashe saiwa ta bi ta hudar, ta sami tsagar siminti, ta nutse cikin ƙasa abinta. Ɗayar ma haka. Sun kai ƙirjin mutum, gindin kowace ya kusa kaurin ƙotar fartanya. Mai gida ya gani, ya ce cikin ladabi a san yadda za a yi da su kafin damina.

Akwai wani ɗan Zariya da ke sayar da shuke-shuke a bakin titi, irin waɗanda kuke gani sun jera furanni a baƙar leda daga Jabi har Gwarimpa. Wajenmu yake sayen kayan miya. Muka kai masa kuka, ko zai karɓe su ya sayar wa mai fili. Ya ce, "Malam, in tsamiyar gida ce, me zai sa ka rabu da ita? Ai ana riƙe babbar bishiya a tukunya har ta tsufa." Ashe ya taɓa yin aikin lambu a gidan wani baƙo a Maitama wanda ke da irin waɗannan bishiyoyi guda takwas, kuma shi ne mai yi musu ban ruwa da aski. Shi ya fara faɗa mana sunan abin: bonsayi.

Da daddare babban yaronmu ya binciko mana a wayarsa, yana karantawa yana fassarawa. Kalmar ta mutanen Japan ce, ma'anarta shuka a cikin faranti. Su ma daga Sin suka koyo, inda har a bangon kabarin wani yarima na shekarar 706 an zana mai hidima ɗauke da irin wannan faranti. Ba wani iri ne na daban ba. Bishiyar daji ce sosai, in ka mayar da ita ƙasa ka sake ta, girmanta za ta yi. Ya nuna mana wani icce mai ganye kamar allura, wanda ake reno a tukunya tun 1625. Yana garin Hiroshima lokacin da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, bai mutu ba. Mai shi, Masaru Yamaki, ya ba Amurka kyautarsa a 1976, shekarar da Janar Murtala ya ba da sanarwar kafa Abuja, kuma har yau yana nan a Washinton da ransa. Shekara ɗari huɗu, hannu na miƙa wa hannu, ba a samu wanda ya yi sakacin ban ruwa ba. Wannan kam ya ba mu mamaki fiye da bam ɗin.

Amma labarin da ya fi kama mu shi ne na wata unguwa mai suna Omiya. A 1923 girgizar ƙasa ta rushe Tokiyo. Masu wannan sana'a suka fice daga birnin, a 1925 suka kafa tasu unguwar a arewacinsa, inda ke da ruwa mai kyau da sarari. Wato su ma 'yan rusau ne, sai dai nasu daga Allah ne kai tsaye, kuma su dukiyarsu tana hawa amalanke. Yaron ya ƙara da cewa ai tsakiyar Abujar ma wani mutumin Japan ne, Kenzo Tange, ya zana tsarinta. Muka ce to madalla, ya zana musu tsakiya, mu na gefe bari mu ari dabarar tukunya.

Gaggawa ta sa muka yi asarar ɗaya. Ɗan Zariya ya ce a jira Afrilu, sai hadari ya fara haɗuwa. Muka ga Afrilu ya yi nisa, ga mai gida na jira. Wata Asabar a cikin Janairu, hunturu na kaɗawa, muka ɗauko adda muka datse saiwar da ta shiga ƙasa, muka zazzage bokitin, muka rage saiwoyin fiye da rabi, muka mayar da ita cikin jar ƙasar bayan gida, muka ajiye a rana. Kwana huɗu ganye ya zube. Muka yi ta ɗura mata ruwa, ƙasar ta dame ta zama kamar tuwo. Bayan wata guda muka kankare ɓawon da farce, ciki ya bushe ƙayau. Autar ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Da ɗan Zariya ya ji, bai ce uffan ba, sai can ya ce, "Malam, ko kaciya ai akwai lokacinta."

Ta biyun tare muka yi, bayan ruwan farko na 2017. Kwana biyu kafin nan muka jiƙa ta sosai. Ya zo da almakashin lambu da ya wasa, ya goge shi da sifirit. Ya zazzage ta a inuwa, ya ɗauki tsinke yana warware saiwoyin a hankali kamar mai tsefe kan yarinya. A nan muka fara ganin yadda tsamiya take a ƙasa. Akwai uwar saiwa guda mai kauri da ke nufar ƙasa sak, ita ce mai neman ruwa can ciki, ita ce ke sa tsamiya ta yi ta tsayuwa a fari. Sannan akwai ƙanana masu kama da gashi a gefe, waɗanda a zahiri su ne ke shan ruwa da abinci. Ya ce duk sirrin a nan yake: a rage uwar, a bar ƙananan su yawaita. Amma bai yanke ta a gindi ba. Ya bi ta har inda ƙananan suka fi yawa, ya yanke a ƙasa da su. Ya ce kada abin da za a cire ya wuce kashi ɗaya cikin uku a zama guda, sauran sai wata shekara. Ya kuma rage ganyen sama gwargwadon abin da ya rage a ƙasa, don saiwar da ta ragu ba za ta iya shayar da ganyen da ba a rage ba. Kuskurenmu na Janairu ke nan, ɗaya daga ciki.

Sai ƙasa. Mu a tunaninmu ƙasa mai kyau ita ce baƙa mai laushi. Ya ce a tukunya wannan ita ke ruɓar da saiwa. Abin da ya haɗa ya fi kama da kayan gini: tsakuwar marmara ƙanana kamar ƙwayar wake, wadda muka tankaɗe da rariya muka zubar da garin, kashi biyu, dakakken gawayi kashi ɗaya, busasshen takin shanu da ya shekara, wanda muka samo a karar Dei-Dei, kashi ɗaya. In ka zuba ruwa ta sama, nan take ya fito ta ƙasa. Saiwa na son ruwa ya wuce ta, ba ya kwana da ita ba. Bai kuma sa ta a kasko kai tsaye ba. Rabin jarka muka yanka muka huda, ya ɗaure gindin da waya ta cikin hudojin don kada iska ta girgiza ta. Mako uku tana inuwa, ba taki, ba taɓawa.

Wallahi makonni ukun nan, duk fitowarmu sallar asuba sai mun haska ta da tocila. Ran kwana na goma sha tara muka ga jan toho kamar kan allura a jikin wani reshe.

Shekarar da ta biyo aka yi abin da ya fi wuya a zuciya. Bishiya ta murmure, ta yi kore shar, sai ɗan Zariya ya zo da ƙaramin zarto ya ce a sare ta, a bar kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa. Muka ce wane irin sarewa kuma? Ya ce dogon sanda ce yanzu, kauri ɗaya daga ƙasa har sama. Tsohuwar bishiya kuwa gindinta ke da kauri, tana siranta tana hawa. In an sare, sabon reshe zai fito ya zama shi ne kai, ya fi na ƙasa siranta, kuma wurin zai ɗan karkace kamar yadda tsamiyar daji ke yi. Ya ma ce saiwar nan da ta sace ta shiga ƙasa ita ta yi mana aiki, don ba don ita ba gindin bai yi wannan kauri a bokiti ba. Muka ce bisimilla, muka kau da kai. Ya shafe wurin da kakin zuma. Uwargida ta leƙo ta ga dungulmi a cikin jarka, ta ce, "Malam, ai da ka bari na yi muciya da ita."

Tsamiya ba ta da fushi. Kafin wata biyu toho ya fito ta ko'ina, sun fi ashirin. Daga nan aiki ya dawo hannunmu, kuma shi ne wanda muka fi jin daɗinsa: zaɓen reshe. Za ka ɗora ta a kan benci daidai idonka, ka zauna, ka yi ta juya ta har ka gane ina ne fuskarta, don kowace bishiya akwai gefen da ta fi kyau. Reshen farko, wanda zai fi kowane kauri, ana barinsa a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon. Na biyu a ɗaya gefen, sama kaɗan. Na uku ya nufi baya. Haka za su yi ta hawa kamar matakala. Wanda ya miƙe sak sama, a cire. Wanda ya sunkuya ƙasa, a cire. Biyu da suka fito wuri ɗaya suna kallon juna, ɗaya ya tafi. Wanda ya gitta ta gaban ɗan'uwansa, ko ya nufo idonka, shi ma haka. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace za ka riƙe almakashi rabin awa a kan reshe ɗaya lafiyayye wanda ba shi da laifin komai sai fitowa a inda ba a bukatarsa. Kuma abin da ka yanke ya yanku. Mun taɓa barin ta kwana tara da reshe biyu don mun kasa zaɓa.

Sauran aski na yau da kullum ne. In sabon reshe ya yi ganye shida ko bakwai, a mayar da shi biyu ko uku, a yanke daidai saman idon da ke kallon inda kake so ya nufa. Duk inda ka yanke, biyu ke fitowa, biyun su ba da huɗu, da haka kai ke cika, ganyen ma yana ƙanƙancewa. Tsamiya ta dace da wannan aiki, don ganyenta da ma ƙanana ne. Mangwaro ko gwanda ba za su yi kyau ba. Gwaba, rumman, lemun tsami da magarya duk suna yi.

Sannan waya. Reshen yaro sama yake nufa, na tsohuwar bishiya kuwa kwanciya yake yi saboda nauyi. Don haka ake naɗa wa reshe waya a karkace, a lanƙwasa shi a hankali zuwa inda ake so. Wani mai gyaran wuta a layinmu ya ba mu guntayen wayar tagulla, muka feɗe robar, muka sa a garwashi har ta yi ja ta huce, sai ta yi laushi. Kaurinta kamar kashi ɗaya cikin uku na reshen. Muka naɗa a watan Yuni, abu ya yi kyau, muka shiga hidimar kasuwa. Ba mu san yadda reshe ke kumbura da damina ba. Da muka duba a ƙarshen Agusta, wayar ta nutse cikin ɓawo. Sai da filaya muka yi ta gutsure ta guntu-guntu. Reshen ya zauna yadda muke so ɗin, amma tabon na nan har gobe, a murɗe kamar igiya, a jikin reshen farko na hannun dama.

Sau nawa muka faɗa a wa'azin suna da na ɗaurin aure cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi? Ba adadi. Gaskiya ne kuwa, mun gwada busasshe ya karye a hannunmu. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ƙara da cewa in ka ɗaure sai ka riƙa komowa kana dubawa ba. Babban yaron nan, wanda muka fi tsananta wa a cikin 'ya'yanmu saboda shi ne na fari kuma lokacin muna da zafi, ya tsaya ran nan yana shafa tabon da yatsa. Ya ce, "Baba, ai ni ma ina da irin wannan." Dariya ya yi. Mu ma muka yi. Yanzu dai mun fi amfani da zare da ɗan dutse, mu rataya a reshe ya ja shi ƙasa sannu a hankali.

A 2020 ta shiga kaskon da kuke gani. A Ushafa muka saye shi wajen mata masu ginin tukwane, muka roƙa aka yi masa huda uku tun yana ɗanye. Duk shekara biyu ko uku, farkon damina, mukan fito da ita mu rage saiwa mu sabunta ƙasa. Ruwa kuwa kullum ne, a bazara safe da yamma. Ga masu cewa Liman na sayen ruwan 'yan ga-ruwa yana ba icce, ku sani ragowar butar alwala ce. Shekarar da muka yi mako biyu a gida wajen bikin ƙanenmu, uwargidan nan mai maganar muciya ita ta riƙe ta, har da rufa mata buhu da tsakar rana.

Yanzu ga wurin da ba mu gama natsuwa ba. Ladanmu, dattijon da ya girme mu da kusan shekara ashirin, ya tare mu bayan la'asar ran nan. Ya ce, "Liman, ina da tambaya, kada ka ji haushi. Allah ya halicci abin nan ya yi girma, mutane su sha inuwa, kai ka kulle shi a kasko kana yanke masa ƙafa. Wannan ba canza halitta ba ne? Ba ka tsoron abin da ya sami matar nan da ta tsare kyanwa?"

Muka ce, "Baba Ladan, zauna mu duba." A iya ɗan abin da muka karanta, ba mu ga malamin da ya shigar da gyaran shuka cikin canza halittar da aka hana ba. Da haka ne da mangwaro mai aure ma ya haramta. Kukar gidanku duk shekara sai an sassabe ta tas don miya. Makiyayi na yanko wa shanu gawo. Mutanen Madina suna yi wa dabino barbara da hannu, kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna an bar wa manoma sanin aikinsu. Ita kuwa mai kyanwa, abin da ya halaka ta shi ne ta tsare, ba ta ciyar ba, ba ta kuma sake ba. In akwai abin da za mu ɗauka a nan, shi ne ranar da muka gaji da ban ruwa, wajibi ne mu kai ta inda za a sa ta a ƙasa.

Ya gyaɗa kai, ya ce ya ji wannan. Sannan ya ce, "To wa ya taɓa zama a inuwarta? Wane tsuntsu ya ci? Ladan dashe ai a nan yake. Kai kake karanta mana cewa ko tashin duniya ya zo da dashe a hannun mutum, ya dasa. Tashin duniya bai hana ba, sai katafila?"

Nan kam ba mu da ta cewa. Muna son 'yar tsamiyar nan. Da magariba in ganyenta ya naɗe, kamar yadda ganyen tsamiya ke yi in rana ta faɗi, bayan gidanmu na ƙauye muke gani. In aka ce gobe a tashi, mutum biyu za su ɗora ta a Keke Napep, ba za mu sake juya wa icce baya ba. Amma inuwarta ko kaza ba ta isa. Kuma gaskiyar dattijon nan ce, tsoro ne ya sa ta a kasko, ba gwaninta ba. Mangwaron Karmo shekara tara kacal ya yi, amma yara nawa suka yi karatu a ƙarƙashinsa, nawa suka sha 'ya'yansa? Ba mu taɓa yin lissafin ta wannan fuskar ba sai ranar.

Bana, gab da faɗuwar damina, ta yi fure karo na farko, ɗan rawaya mai jan zane. Ɗan Zariya ya riga ya gaya mana cewa ganye ne ke ƙanƙancewa, 'ya'ya kuwa kusan girmansu na asali suke fitowa, kuma in aka bar su da yawa sai su tsotse ta. Tara suka kama. Muka cire shida, muka bar uku, ga su nan suna reto sun fi ƙarfin reshen, sai cikin hunturu za su nuna. Autar ta ce kunu za a yi da su ko da cokali ɗaya ne. Mun yarda, da sharaɗin a ajiye ƙwallayen.

Baba Ladan ya riga ya nuna wuri a gabas da masallaci, nesa da katanga yadda saiwa ba za ta taɓa gini ba, kwamiti ma ya amince. Za mu tsirar da su a leda, a dasa ɗaya a can in ruwa ya zauna. Matsalar ita ce awakin layin nan, kun san halinsu. Muna neman bulo kamar talatin da tsohuwar ragar waya don kewaye. Wanda Allah ya hore wa, ya same mu a masallaci bayan la'asar, ko a rumfa.

Wassalam.